Kunne Ya Girmi Baki

Gardamar ta tashi ne a tsakar gidanmu na cikin birnin Zariya, bayan sallar la'asar, a kan yarinya 'yar wata takwas wadda ba ta ma san ana yi ba. 'Yar ƙanena ce. Tana zaune bisa tabarma tana gwaguyar murfin kwano, sai ta zare shi daga baki ta ce, "ba-ba-ba-ba." Uban, wanda dawowarsa ke nan daga kasuwar Sabon Gari, ko hula bai tuɓe ba, ya washe baki wai an kira shi. Tsohuwar gidan, yayar mahaifinmu da kowa ke ce wa Baba, ta ɗago kai daga tsintar shinkafa.

"Kai, tafi can," in ji ta. "Ni da nake wuni da ita? Kai da sai dare take ganinka? Ni kishiyata ta kira."

Uwar yarinyar ba ta ce uffan ba. 'Yar farinta ce, kunya ba ta barin ta sa baki a zancenta gaban manya. Da aka ce in raba gardama na ce ba wanda aka kira a cikinsu, sai su biyun suka haɗu a kaina.

Amma gardamar ba ta banza ba ce, domin Baban da ƙanena ke nufi da Babar da tsohuwa ke nufi ba kalma ɗaya ba ce, rubutun boko ne kawai ya sa musu riga iri ɗaya. Faɗi su da bakinka ka ji. A ta mahaifi murya daga ƙasa take tashi ta hau, a ta tsohuwa daga sama take gangarowa. Ga kuma baban rini, shi murya a sama take tsayawa, da jan wasali a ƙarshe. Haka kukan yaro da kukar miya, haka wuyan riga da wuyar rayuwa. Ba wanda ya taɓa zaunar da ɗayanmu ya karantar da shi wannan. Yawancinmu sai da muka shiga ajin Hausa muka ji cewa abin yana da suna, wai karin sauti. To yaushe muka koya?

Mukan ɗauka yaro ya fara koyon magana ranar da ya furta kalmarsa ta farko, wajen shekara guda. Wannan ranar girbi ce. Shuka da noma da maimai duk an yi su a baya, a cikin kunne, inda ba mai gani.

Tun ciki na wata shida zuwa bakwai kunnen ɗan tayi ya fara aiki. Abin da ke isa gare shi ba magana ce tar-tar ba. Kamar mutum ne a ƙuryar ɗaki an tura ƙofa, yana jin ana hira a zaure: bai san me ake cewa ba, amma ya san wa ke magana, ya san faɗa ake ko raha. Ruwa da tsoka suna tace siraran sautuka, su bar hawa da saukar murya da kiɗan maganar. Muryar uwa kuwa ta fi kowace isa, don ita ta cikin jiki take bi.

Yaya aka sani, tunda jariri ba a tambayarsa? Ta tsotso. A 1980 wasu masana biyu a Amurka, Anthony DeCasper da William Fifer, suka sa wa jariran da ba su wuce kwana uku ba robar tsotso wadda aka haɗa da na'ura. In jariri ya yi tsotso ta wata siga sai ya ji muryar uwarsa, in ya sauya siga sai ya ji ta wata mace daban. Jariran suka riƙa daidaita tsotsonsu don su jawo muryar uwa. A 1986 aka sa mata masu ciki su riƙa karanta wani labari da ƙarfi sau biyu a rana cikin mako shida na ƙarshe, bayan haihuwa jariran suka zaɓi wannan labarin a kan sabo, ko da wata mace ce ke karantawa. Da aka gwada muryar uba da ta wani namiji kuwa, 'yan kwanakin nan ba su fifita kowa ba. Na faɗa wa ƙanena wannan, bai ji daɗi ba.

A 1988 Jacques Mehler da abokan aikinsa a Faransa suka gano jariri ɗan kwana huɗu yana rarrabe Faransanci da Rashanci, ko bayan an dusashe maganar da na'ura har ba a gane kalma ko ɗaya, sai kiɗanta. Har kuka ma ba iri ɗaya ba ne. Binciken da aka buga a 2009 ya nuna kukan jariran Faransa ya fi yawan hawa, na jariran Jamus ya fi yawan sauka, daidai da yadda iyayensu ke karya murya. Kathleen Wermke, ɗaya daga cikin masu wannan aikin, ta bi sawun abin har Kamaru a 2016, wurin 'yan ƙabilar Nso masu harshen karin sauti kamar namu, ta tarar kukan jariransu ya fi na Jamusawa lanƙwasa da hawa da sauka. Ashe ranar da aka raɗa wa jariri kiran salla a kunne, ba ranar ya shiga makaranta ba. Ya riga ya yi wata biyu ko uku yana ɗaukar darasi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne abin da ke biyo baya. Jariri yana zuwa duniya da kunnen da ya fi na babba faɗi. A 1971 Peter Eimas ya nuna ɗan wata guda yana rarrabe "ba" da "pa", alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ƙiftawar ido ba, ɗan jinkiri ne kawai tsakanin buɗe leɓe da kaɗawar murya. Sannan a 1984 Janet Werker da Richard Tees suka yi a Kanada gwajin da har yau ake kafa hujja da shi. Suka ɗauki jariran gidajen da Turanci kaɗai ake yi, suka koya musu wasa: in sautin da ke fitowa daga lasifika ya canza ka waiwaya, za ka ga 'yar tsana ta haska tana motsi a cikin akwati. Sai suka kunna musu sautukan da babu su a Turanci. Akwai "ta" iri biyu na harshen Hindi na Indiya, ɗaya harshe a jikin haƙori, ɗaya an naɗe shi baya. Akwai wasu biyu daga harshen wata ƙabila ta 'yan asalin yammacin Kanada, ɗaya kamar ƙ ɗinmu, ɗaya irinsa amma daga can ciki kusa da beli. 'Yan wata shida zuwa takwas kusan duk sun ji bambancin. 'Yan wata goma zuwa sha biyu, ƙalilan ne suka waiwaya. Jariran da aka haifa cikin waɗancan harsuna kuwa ba su rasa komai ba.

Wato a tsakanin yaro raguwa ya yi, kuma raguwar ce koyon. Masassaƙi ba ya ƙara wa itace komai, cirewa yake yi har turmi ya fito. Kunne yana lura da sautukan da suka fi yawan dawowa a gidan, ya gina wa kowanne ɗakinsa, duk baƙon da ya zo daga baya sai a tura shi ɗakin da ya fi kusa. Waɗanda aka riƙe kuma sai su ƙara kaifi. An gwada jariran Amurka da na Japan da "ra" da "la": a wata shida zuwa takwas kan su ɗaya, kafin shekara na Amurka sun ƙara gwaninta, na Japan sun ja baya, don Japananci bai raba su ba.

Mu a Zariya ba sai an kawo mana labarin nan daga Kanada ba. Je ka Sabon Gari ka sami ɗan kasuwar da ya zo daga kudu yana saurayi, ya shekara talatin a nan, Hausa a bakinsa kamar ruwa, karin magana har ya fi ka. Ce masa ya faɗi baki da baƙi, ko kafa da ƙafa. Ba harshensa ne ya fara yin nauyi ba, kunnensa ne ya zuba su ɗaki ɗaya tun yana goye. Ɗansa da aka haifa a nan, wanda ya yi rarrafe cikin 'ya'yan maƙwabta, ba ka raba shi da ɗan unguwar Kwarbai ta cikin birni. Kafin mu yi wa wani dariya, namu na nan: p da f sun hana Bahaushe sakat a Turanci, gb na Yarbanci ya gagare mu, kuma duk wanda ya durƙusa gaban malamin tajwidi ya san gumin da ake yi kafin a raba ha ƙarami da ha babba, ko sin da sadi. Ƙofar ba ta kulle ba, babba na iya koya. Sai dai abin da jariri ya samu kyauta, shi saye yake yi da tsada.

Karin sauti ma haka yake tafiya. Wani bincike na 2006 ya nuna jariran masu Turanci suna jin bambancin karin sauti a wata shida, amma zuwa wata tara sun fara yin watsi da shi, don a harshensu hawa da saukar murya ba ya sauya kalma. Jariran Sinawa ba su yar ba. Ɗan Bahaushe yana cikin masu riƙewa dole, in ba haka ba zai girma bai san Baban da ake kira ba. A kan wannan kuma ga tsawon wasali, wanda ya raba gari na zama da gari na tuwo. Kaya uku ke nan a kan kunne ɗaya: baƙaƙe masu ƙugiya, kari, da tsawo.

Sai wata matsala da ba mu cika ganinta ba saboda rubutu ya sangarta mu. A takarda akwai fili tsakanin kalmomi, a baki babu. Uwa ba ta cewa "kawo, mini, tsintsiya", cewa take "kawomintsintsiya" numfashi ɗaya. Saurari masu Tibi ko Ibo suna hira a tasha in ba ka ji, za ka rantse ba sa tsayawa. Haka Hausa take a kunnen jariri. Ina zai yanka?

A 1996 Jenny Saffran da Richard Aslin da Elissa Newport suka ƙirƙiri kalmomi huɗu marasa ma'ana masu gaɓa uku-uku, irin su bidaku da golabu, suka sa na'ura ta jero su ba tsayawa ba hawa ba sauka, minti biyu kacal, a kunnen 'yan wata takwas. Daga nan aka gwada su, sai ga shi suna rarrabe kalmomin da guntayen da aka haɗa daga wutsiyar wata da kan wata. Babu abin da za su dogara da shi sai lissafi: bayan "bi" kullum "da" ke zuwa, amma bayan "ku" komai na iya zuwa, ke nan a nan iyaka take. A gidan Bahaushe, "tsin" sau da yawa "tsi" da "ya" ke bin sa, amma abin da ke gabansa yau "min" ne, gobe "ɗauko", jibi "ina". Da haka tsintsiya ke ɓallewa daga kogin magana ta tsaya ita kaɗai, tun yaro bai san shara ba.

Kalmar da ta fi saurin ɓallewa ita ce sunansa. Ɗan wata huɗu da rabi ya fara gane shi, kuma daga nan ya zama masa turke: duk abin da ya biyo bayan sunan, farkon sabuwar kalma ce. Na taɓa tunanin ko al'adarmu ta ɓoye sunan ɗan fari tana rage wa yaro wani abu. Ban ga alama ba. Kunne bai san sunan yanka ba, abin da aka fi maimaitawa ana kallonsa shi ne sunansa, ko laƙabin kaka ne. Zuwa wata shida zuwa tara kuma, kamar yadda aka nuna a 2012, in aka ambaci wani abu da ya saba da shi, abinci ko gaɓar jiki, idonsa ya fi karkata ga hoton abin. Bai furta ko ɗaya ba, amma ya fara tara jari.

Me ya hana baki bin kunne da wuri? Ginin ne bai kammala ba. Maƙogwaron jariri a sama yake, harshensa ya cika bakin taf, abin da ya dace da shan nono amma bai bar filin sarrafa sauti ba. Daga wajen wata uku maƙogwaro ke fara sauka, baki ya ƙara zurfi. A wata biyu zuwa uku sai ka ji 'yan "agu" da "uuu" in ya ƙoshi. Daga nan wasa da murya: ƙara, tsiwa, fesa yawu. Tsakanin wata shida da goma ne ake samun abin da tsohuwarmu ke kira gwaranci na gaske, baƙi da wasali a jere ana maimaitawa, ba-ba-ba, da-da-da, ma-ma-ma. Sirrinsa bai wuce muƙamuƙi ba. Yaro na sakin murya yana buɗe baki yana rufewa. In leɓɓa suka haɗu a samu b ko m, in harshe ya taɓa dasashi a samu d ko n, in baki ya wage a samu a.

Shi ya sa na ce ba a kira kowa ba. Masanin harshe Roman Jakobson ya yi bayani tun 1960 cewa dalilin da ya sa mama da baba da papa suka cika harsunan duniya waɗanda ba su haɗa dangi ba shi ne iyaye ne ke tsintar gwarancin yaro su sa wa kansu suna da shi. Dubi namu: baba, mama, dada, nana, inna, yaya, kaka. Duk mutanen da ke zagaye da tabarmar yaro sunayensu daga bakinsa aka ƙera su. Mu kuma sai mu mayar masa da biki, mu sassaƙa masa kalmomi daidai bakinsa: cici, bobo, tutu, tata. Masu wuya sai daga baya. Ruwa ya daɗe yana "yuwa" ko "luwa", tsire yana "tiye", shinkafa a yanke mata kai ta koma "kafa". Hausa na da r iri biyu, na kaɗawa da na naɗewa, kuma yaro kan kai shekaru kafin su zauna masa. Amma gwada ce masa "ga yuwa" kana kwaikwayonsa, ka ga kallon da zai yi maka. Kunnensa ya san daidai, bakin ne bai iso ba.

Baki da kunne kuma ba kowa da hanyarsa ba. A 2015, a ɗakin binciken Werker ɗin nan, aka sa wa 'yan wata shida robar cizo mai danne kan harshe, aka kunna musu "da" iri biyu na Hindi, suka kasa rarrabewa. Da aka sa musu wata robar wadda ba ta taɓa harshe, suka rarrabe. Wato yaro da harshensa ma yake saurare. Da idonsa kuma: ɗan wata huɗu idon mai magana yake kallo, daga wata takwas, lokacin gwaranci, sai ya koma kallon baki, zuwa shekara ya fara komawa ido, sai fa in baƙon harshe ake masa.

A nan ne zancen ya zo kan wayar hannu. A 2003 Patricia Kuhl ta tara jariran Amurka 'yan wata tara, waɗanda kunnensu ke gab da rufe ƙofa ga baƙin sautuka. Kashi ɗaya aka zaunar da su da Sinawa suna yi musu wasa da karatu da Sinanci, zama 12, kowanne minti 25. Wani kashin aka nuna musu mutanen nan a talabijin suna yin abu iri ɗaya, wani kuma murya kaɗai. Waɗanda suka zauna da mutum suka riƙe bambancin sautukan Sinanci kamar jariran Taiwan da suka tashi cikinsa. Na talabijin da na murya, kamar ba a yi ba. A 2008 kuma Michael Goldstein da Jennifer Schwade suka sa wasu iyaye mata su riƙa amsa gwarancin 'ya'yansu nan take, wasu kuma su faɗi abu iri ɗaya, yawa ɗaya, amma ba a kan gaɓar da yaron ya yi sauti ba. Na farkon kaɗai gwarancinsu ya sauya ya kama hanyar abin da uwa ke faɗa. Ke nan yawan sauti ba shi ne ba. Amsawa ce: na faɗa, an tanka mini.

Wasu littattafan reno na Turai sun ɗauki wannan sun mai da shi doka, wai dole uwa ta zauna fuska da fuska tana zuba wa jariri surutu, in ba haka ba ta cuce shi. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba, kuma bincike ma bai tsaya nan ba. A cikin 'yan ƙabilar Tsimane na Boliviya an ƙiyasta maganar da ake yi wa ƙaramin yaro kai tsaye ba ta kai minti ɗaya a awa ba. A wani ƙauyen Mayawa masu harshen Tseltal a Meziko ma kaɗan ake yi musu, amma binciken 2020 ya tarar suna fara gwaranci da kalmar farko da haɗa kalmomi a lokacin da sauran yaran duniya ke yi. Uwar ɗan fari da kunya ta hana ta yi masa wasa a gaban surukai ba ta bar shi cikin shiru ba. Akwai kaka mai tsokanar mijinta ko kishiyarta, akwai goggo, akwai 'yar reno 'yar shekara bakwai wadda ba ta gajiya da "ce Yaya, ce Yaya". Goyo kansa makaranta ce. Yaro ba ya ganin bakin uwa, amma kunnensa na manne da bayanta, fuskarsa na kallon duk wadda ta tsaya gaisawa da ita. Gaisuwar Bahaushe kuwa, ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, yaya gida, sau ashirin kafin azahar da kari ɗaya, wani ya faɗa wani ya amsa, in da za a tsara wa jariri darasi da gangan da wuya a tsara wanda ya fi wannan.

Abin da ke damuna shi ne inda wannan gidan ya watse ba a maye gurbinsa ba. Ma'aurata a ɗaki biyu da falo a Samaru ko Tudun Wada, miji ya fita tun safe, matar na fama da girki da wanki da karatu, ba kaka ba goggo, sai a jingina waya da filo a kunna wa yaro zanen yara masu waƙa da Turanci, har a riƙa murna wai zai tashi da Turanci. Ba laifin uwar ba ne, hannu biyu gare ta. Amma waya ba ta jin "ba-ba-ba" balle ta tanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a ajiye yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu kuma kada ya wuce awa guda a rana. Uwa tana yanka albasa tana ba yaron da ke zaune kusa da ita labarin tsadar albasar, ya fi masa awa uku na waƙar waya.

Tsoron cewa harshe biyu na rikita yaro kuwa, yaran Sabon Gari sun isa amsa: Yarbanci a ɗaki, Hausa a ƙofar gida, Turancin buroka a kasuwa, ba wanda ya zama bebe. A 2010 an gwada jariran da iyayensu mata ke yin Turanci da harshen Tagalog na Filifin lokacin goyon ciki, aka tarar sun karkata ga duka biyun, kuma suna rarrabe su. Kunne abin da ya ji yake ginawa a kai, ba ruwansa da wanne ne daidaitacce. Shi ya sa ɗan Zazzau ke tashi da "rigan Baba" da "motan kawu", har malamin makaranta ya sha wahalar cusa masa "rigar" da "motar". Yaron bai yi kuskure ba, ya kwafi allon da aka ba shi ba tare da ya zubar da ɗigo ba.

Wajen shekara guda kalmar farko ke fitowa, wajen shekara ɗaya da rabi yawancin yara sun doshi kalma hamsin, kafin shekara biyu a fara haɗa biyu: "Mama zo", "ba ruwa". Akwai mai sauri akwai mai nawa, tazarar tana da faɗi. Amma in magana ta ƙi zuwa, ina muke dubawa? Baki. Akwai yaron wasu maƙwabtanmu da ya shekara biyu da rabi ba kalma. Aka ce linzami ne ya ɗaure masa harshe, aka kai shi wurin wanzami aka yanka. Shiru. Aka ce gado ne, kawunsa ma sai da ya shekara huɗu. Aka yi rubutu ya sha. Sai da ya kusa shekara huɗu wata 'yar uwarsu ta lura faranti ya faɗi a bayansa da ƙara, kaji suka watse, shi ko gezau. A asibiti aka ce ba ya ji, kuma aka danganta abin da zazzaɓi mai tsanani da ya yi yana ɗan watanni. Uwar ta ce da ni, "Wallahi Yaya, yana jariri har gwaranci yake yi." Gaskiya ta faɗa, kuma nan ne tarkon yake. Jaririn da ba ya ji yana kuka, yana dariya, yana "agu" kamar kowa. Inda hanya ke rabuwa shi ne ba-ba-ba ɗin nan mai maimaituwa. Kimbrough Oller da Rebecca Eilers sun nuna a 1988 cewa masu ji suna fara shi kafin wata goma ya wuce, kuramen da suka bibiya kuwa ba wanda ya fara kafin wata sha ɗaya, don wanda ba ya jin muryarsa ba shi da abin da zai gyara ta da shi.

Linzami na iya wahalar da jariri wajen kama nono, amma ba ya hana yaro fahimta ko fara magana. Abubuwan da ke kashe ji kuwa mun san su a ƙasar nan: sanƙarau, wanda annobarsa ta 1996 ta bar kurame da yawa a Arewa, ƙyanda, shawara mai tsanani a kwanakin farko, ciwon kunne mai ruwa da aka bari ya daɗe, da wasu allurai masu ƙarfi da ake yi barkatai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin ɗari na rashin ji a yara daga abubuwan da za a iya kaucewa ne. Gwajin jin jariri ɗan abu ne da ake sa masa a kunne yana barci, 'yan mintoci an gama, kuma ƙa'idar da likitocin Amurka suka shimfiɗa ita ce a gwada kafin wata ɗaya, a tabbatar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba.

Ko yaron da jinsa ba zai dawo ba, ƙwaƙwalwarsa na jiran harshe a kan lokaci ɗaya da kowa. Laura Petitto ta nuna a 1991 cewa jariran kurame da iyayensu ke maganar hannu suna gwaranci da yatsu, motsi ɗaya ana maimaitawa, a watannin da masu ji ke ba-ba-ba. Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannun cikakkiya, wadda wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta nazarta. Yaron maƙwabtan nan yanzu da ita yake hira, kuma ƙannensa sun fi iyayen iyawa nesa ba kusa ba, don su suna rarrafe suka tsince ta.

'Yar ƙanena kuwa ta cika wata goma sha uku cikin azumin da ya wuce. Ana gab da shan ruwa, an baza kunu da ƙosai, uban na zaune a gefe ɗaya, tsohuwa a kan kujerarta 'yar tsugune a ɗaya gefen. Yarinyar ta dafa bango ta miƙe, ta dubi ƙosan da ke hannun tsohuwa, ta buɗe baki. Gaɓa biyu kacal ta faɗa, ta farko a sama, ta biyu a ƙasa.

Tsohuwa ba ta ko kalli ƙanena ba. Ta gutsuro ƙosai ta hura, ta ce, "Zo ki karɓa, kishiya. Wani kuma ya jira nasa."